Kafin mu sayi kyamarar gadin daji

Shekarar da damina ta yi albarka ita ce shekarar da makiyayin arewacin Damagaram ke kwana cikin zullumi. Wanda bai san yankin ba zai ce zancen ya juye, amma haka yake. In ruwa ya sauka sosai, ciyawa ta haɗe tun daga Balbeji har Tasker ba tsinkewa, to da zarar ta bushe a watan Oktoba iskar gabas ta taso, tartsatsi ɗaya ya isa: garwashin shayin da matafiyi bai rufe da ƙasa ba, guntun taba, yaran da suka yi wa ramin kurege hayaƙi, ko salansar mota mai zafi da ta tsaya cikin karangiya. A shekarar fari wuta ba ta samun abin ci, ta kama nan ta mutu can. A shekarar yalwa tana iya kwana tana tafiya.

Shi ya sa duk lokacin da hoton kyamarorin gadin daji na Amurka ya zagayo a WhatsApp, sai ka ji matasanmu masu ilimi suna cewa: mu me ya hana mu? Tambayar ba ta wauta ba ce, kuma ba na cikin masu cewa duk abin da ya fito daga waje bai dace da mu ba. Salula ma daga waje ta zo, yau ba rugar da ba a neman ta. Amma ina ganin in aka ba mu kuɗin yaƙi da wutar daji muka fara da kyamara, mun fara daga inda ya kamata mu ƙare.

Bari mu ga yadda abin yake a can tukuna. A jihar Kaliforniya akwai tsarin da ake kira ALERTCalifornia, wanda Jami'ar Kaliforniya ta San Diyego ke gudanarwa. Kyamarori ne sama da 1,000 a kan tsaunuka da dogayen ƙarafa, suna juyawa ko'ina, suna zuƙo abin da ke nesa, suna gani har da dare. Tun 2023 aka haɗa su da manhajar ƙirƙirarriyar basira da aka koya wa bambanta hayaƙi da gajimare. In ta ga abin da ta zarga sai ta sanar da hukumar kashe gobara ta jihar, CAL FIRE, ma'aikaci ya duba da idonsa, in gaskiya ne a juya kyamara ta biyu daga wani tsaunin, inda layukan ganinsu suka haɗu nan wutar take. Kowa na iya buɗe shafinsu a intanet ya kalla. Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne asalin tsarin: masana girgizar ƙasa na Jami'ar Nebada da ke Rino ne suka fara shi a kewayen tafkin Taho, domin dama suna da ƙarafa da hanyar aika bayanai a kan tsaunukan, sai suka ɗora kyamara a kai. Ba daga fili suka fara ba. A Jamus ma, jihar Brandenburg ta maye gurbin masu hawa hasumiya suna gadin daji da irin waɗannan na'urori tun farkon shekarun 2000. A Afirka ta Kudu kamfanonin da ke noman itatuwan katako ne ke biyan kuɗinsu, domin kowace hekta a wurinsu dukiya ce mai yawa.

Abin da kyamara ke saya wa waɗannan mutane mintoci ne. Wutar da aka gani tana da minti biyar ba ɗaya take da wadda aka gani tana da minti arba'in ba, matuƙar akwai motar ruwa ko jirgin da zai tashi cikin waɗannan mintocin. Ko da hakan ma ba kullum ake cin nasara ba. A watan Janairun 2025 kyamarori sun ga hayaƙin wutar Los Anjelis tun da wuri, amma iska ta yi ƙarfin da a daren farko jiragen kashe gobara suka kasa tashi, dubban gidaje suka ƙone, mutane kimanin 30 suka rasu. Jihar da ke da jirage da motoci da dubban ma'aikata ke nan. Gani ba ci ba ne.

To mu dawo gida mu yi lissafi. Jihar Damagaram ta kai murabba'in kilomita dubu 155, kuma mafi yawanta shimfiɗe take, ba mu da tsaunukan da za su ɗaga mana ido kyauta sai 'yan duwatsun kewayen birni da na Gure. Kyamarar da ke kan ƙarfe mai tsawon mita 50 tana hango ƙasa har kilomita 25, daga nan doron duniya ya tare ta. Hayaƙi yana tashi sama, don haka a ranar da gari ya yi garau za a iya hango shi fiye da haka. Mu ce kowace ta riƙe kilomita 20 ta kowane gefe: murabba'in kilomita 1,250 ke nan, wato sai an kafa sama da 120 kafin a rufe jihar. A cire hamadar da ba ciyawa, a cire gonakin kudu, har yanzu gommai ne.

Wannan lissafin ranar da gari ya yi garau ne. Amma watannin wuta su ne watannin hazo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da mutum a unguwar Zango ta Damagaram ba ya hango abin da ke kilomita ɗaya gabansa, jirgi ma ya fasa sauka. A irin wannan rana, wadda ita ce ranar iska, wato ranar da wuta ta fi gudu, kyamarar mita 50 ba ta ganin komai sai fari fat. In hazo ya lafa kuma ga guguwa tana tashi nan da can cikin fako, doguwa, mai ruwan toka, tamkar hayaƙi ga manhajar da ta koyi aikinta a dajin Kaliforniya. Sannan wa zai hau ya goge gilashin? Wa zai share ƙurar da ke kan faifan sola duk mako? Batir a zafin digiri 45 shekara nawa zai yi? Kowa ya ga fitilun kan hanya masu sola da aka yi bikin buɗewa, bayan shekara biyu rabi sun mutu, sauran an kwance musu batir. Ba mu manta da 2023 ba kuma, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, birni kansa ya sha duhu wata da watanni, balle ɗakin da za a jera talabijin ana gadin daji dare da rana.

Duk waɗannan matsaloli ne da kuɗi da ƙwarewa za su iya ragewa. Wadda ta fi damuna daban ce: dajinmu ba ya rasa ido. Ba daji ba ne irin na Turawa da za ka yi tafiyar yini ba ka ga mutum ba. A kowace rijiya akwai mutane, a kowane kwari akwai ruga ko tanti, Fulani da Buzaye da Tubawa da Larabawa. Makiyayi yana gane hayaƙi tun yana siriri, ya san na girki, ya san na ciyawa, ya dubi iska ya faɗa maka inda wutar za ta kai kafin la'asar. Abin da ke biyo bayan ganin shi ne matsalar.

Ga yadda abin ke faruwa. Yaro ya hango hayaƙi, ya sheƙo ya faɗa wa mahaifinsa. Uban ya ciro salula daga cikin rawani, caji saura kaɗan, domin sai ranar kasuwa ake kai ta wurin mai caji. A kwarin ba rezo. Sai ya hau raƙumi ko moto zuwa wani tudun yashi da kowa ya san ana samu a kansa, ya ɗaga hannu sama yana juyawa har layi ɗaya ya fito. Wa zai kira? Lamba 18 ta 'yan kwana-kwana ce, su kuwa suna birni, tsakaninsu da shi tafiyar sa'o'i, rabinta ba kwalta, kuma motarsu ba ta shiga rairayi. Sai ya kira arɗo. Arɗo ya kira hakimi: "Ranka ya daɗe, wuta ta tashi gabas da rijiya, iska kuma tana kanmu." Hakimi ya nemi kantoma, kantoma ya nemi prefe, prefe ya nemi shugaban 'yan gandun daji, shi kuma motarsa ɗaya ce, ko ta tafi wani aiki ko ba gazuwal. Kafin mota ta tashi rana ta faɗi. Waɗanda suka kashe wutar, in an kashe ta, su ne mazan rugagen kusa da suka taru da rassan anza da buhunan da aka jiƙa, suna dukan bakinta daga gefe, mata na janye yara da 'yan raguna zuwa fako. A wannan dogon layi, a ina kyamara za ta shiga? A farko, wurin yaron nan, inda dama ba a makara ba.

Wani zai ce ai akwai wuraren da ba kowa, da kuma wutar dare. Gaskiya ne. Amma a can ma akwai ido, kuma kyauta ne. Taurarin ɗan'adam na hukumar NASA suna gano wuta daga sama fiye da shekara 20, na'urar VIIRS tana nuna wurin da ya yi zafi a faɗin mita 375, ana saka bayanin a shafin FIRMS cikin kimanin sa'a uku, kowa na iya gani. Tauraron Meteosat na Turai yana ɗaukar hoton Afirka duk minti 15. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974, bin yanayin ciyawa da wutar daji a Sahel na cikin aikinta. Suna da rauninsu: na NASA sau 'yan kaɗan yake wucewa ta kanmu a yini, Meteosat kuma ba ya ganin ƙaramar wuta. Amma tambayata ita ce, wannan labari da ake samu ba ko dala, ya taɓa isa kunnen arɗo a Tasker cikin Hausa ko Fulatanci a ranar da ake bukatarsa? Yana ƙarewa ne a rahoton Faransanci da ake karantawa bayan toka ta huce. In idon kyauta bai sami hanyar zuwa ruga ba, ban ga dalilin da na saye zai samu ba.

Kada ɗan birni ya ce wannan zancen masu dabbobi ne. Ma'aikatan kiwo suna lissafin cewa saniya mai kilo 250 tana cin busasshiyar ciyawa kilo 6.25 a rana, wato kusan tan 1.7 a wata tara na rani. Mu ɗauka hekta tana ba da tan ɗaya. Wutar da ta cinye hekta dubu 10, abin da ba ya wuya a rana mai iska, ta cinye abincin shanu dubbai na shekara guda, kuma ba ya dawowa sai wata damina. Dabbobin nan ba za su tsaya su mutu ba. Za su gangaro kudu, su ƙetare iyakar noma da dokar 1961 ta shata, su iso Mirya da Magarya tun ba a saki gonaki ba, wake na ƙasa, dawa ba a gama yanka ba. Daga nan sai ɓarna, sai sanda, wani lokaci sai gawa. Mu kuma a birni mu ga ƙullin harawa da buhun dusa sun yi tsada, ragon layya ya gagari mai albashi. Faɗan manomi da makiyayi da ake zaman sulhunsa a Disamba sau da yawa wata wuta ce ta Oktoba ta haife shi, a wurin da masu sulhun ba su taɓa zuwa ba.

Abin da aka tabbatar yana aiki a irin ƙasarmu an daɗe da saninsa: hanyoyin tare wuta. Ana share ciyawa ƙat a layi mai faɗin mita 15 ko 20, a yi shi a gicciye da iskar gabas, kilomita bayan kilomita, yadda dajin zai rabu gida-gida. Wanda ya taɓa ganin aikin ya san ba wasa ba ne. Mutane a jere da manjagara da hauya tun asuba, karangiya ta cika wando da tafin hannu, wani wurin a ɗaura ƙaya a bayan shanu ko raƙumi a ja. Ciyawar da aka kwashe ba a zubar da ita, ana tarawa a ɗaure, ta zama abincin dabba a bazara ko kuɗi a kasuwa. Ana biyan masu aikin, kuɗin ya shiga ƙauye a lokacin da samari ke shirin tafiya ci-rani. Wuta in ta iso layin nan tana rage gudu, masu rassa su sami inda za su tsaya su tare ta. Iska mai ƙarfi tana iya tsallakar da ita, ba a musu, amma ba tare da layin ba ma ba wurin tsayawa. Ciwon aikin ɗaya ne, lokaci. Ya kamata a gama shi kafin ƙarshen Oktoba, amma sau da yawa sai kuɗin ya fito a Disamba ko Janairu, a je a share hanya a tsakiyar toka a ɗauki hoto. Kuma aikin kowace shekara ne, ba irin wanda ake yanka kyalle sau ɗaya a wuce ba, ina jin shi ya sa ba ya burge masu ba da tallafi kamar na'ura mai ƙyalli.

Akwai kuma zancen yarda, wanda masu zana tsari a ofis ba sa sakawa cikin lissafi. Dokar gandun daji ta 2004 ta tanadi hukunci ga mai tada wuta, kuma daidai ne. Amma tambayi kowane dattijo a ruga me ya sa wani lokaci ake jinkirin kira, zai ce maka: ɗana, wanda ya fara kai labari shi ake fara tambaya. In ba a sami mai laifi ba, rugar da ta fi kusa ita ke shan tara. Yanzu a kawo ƙarfe a kafa kusa da rijiya, da ido a kai mai iya zuƙo tanti da matan da ke jan ruwa da adadin garke, ba a gaya wa kowa wanda ke kallo ba. Mutane za su ɗauka na haraji ne ko na jami'an tsaro. Masu ɗauke da makamai da 'yan fasa-ƙwauri da ke ratsa yankin su ma haka za su ɗauka, kuma su ba ƙorafi za su yi ba, harsashi ɗaya ya ishe su. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar da ke kula da ita, amma ban ga yadda makiyayin Tanut zai kai ƙara Yamai a kan hoton tantinsa ba. In har za a kafa, to a buɗe hoton kowa ya gani a salularsa kamar yadda Kaliforniya ta yi, arɗo da hakimi su san inda idon ke kallo da inda aka hana shi kallo, kuma a faɗa a rediyo, a maimaita, cewa mai kai labarin wuta ba a tsare shi.

Inda nake ganin kyamara za ta biya kuɗinta tun gobe ba a daji ba ne, a cikin gari ne, kuma ba don wuta ba, don ruwa. Damina ta 2024 ta kashe mutane kusan 400 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. A farkon Satumbar shekarar tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe muna ji muna gani. Shi kam ba kyamarar da za ta cece shi, gyara yake so tun kafin ruwa. Amma Damagaram a kan dutse take zaune, ruwa ba ya nutsewa, gangarawa yake zuwa tapkuna, kuma an yi gini har bakinsu. Tapki ba ya cika a ɓoye. A kafa sanda mai zanen awo a cikinsa, ja da fari, a sa ƙaramar kyamara tana kallonta da fitila, hoton ya riƙa zuwa wa mai unguwa da 'yan kwana-kwana da gidan rediyo. Nan akwai rezo, akwai mai gogewa, nisan kallon mita 20 ne ba kilomita 20 ba, kuma da damina ba hazo. Mafi muhimmanci, labarin yana da amfani nan take: ruwa ya kai ja da ƙarfe biyun dare, ladan ya kunna lasifika, a fitar da tsofaffi da yara daga ɗakunan ƙasa. Haka ma kwalbatoci da mashigan korama a kan manyan hanyoyi, inda direba ke tsayawa yana kintace ko ya shiga ko kada ya shiga. A yammacin ƙasar an riga an kafa na'urorin awon ruwa masu aika bayani da kansu a kan kogin Sirba domin gargaɗin ƙauyukan da ke ƙasa, ba sabon abu ba ne a Nijar.

A daji kuwa, a bi abin daki-daki. Kuɗin share hanyoyin tare wuta ya fito a Agusta. A ƙara ƙarafan salula a yankin makiyaya, domin ƙarfe ɗaya yana mai da ɗaruruwan makiyaya masu gadi, ban da amfanin da zai yi wa mai naƙuda da mai neman farashin kasuwa. A samar da lamba ɗaya ta kyauta wadda mai Hausa da Fulatanci da Tamajak zai ɗaga. Kwamitocin gargaɗin gaggawa na ƙauyuka, da ake kira SCAP-RU, suna nan a wurare da yawa, a ba su moto da mai da kuɗin kira, a kuma ɗora wa mutum ɗaya a Tanut, ɗaya a Gure, aikin buɗe shafin tauraron ɗan'adam safe da yamma yana aika saƙon murya.

Bayan wannan sai a gwada kyamara, biyar ko shida, a kan ƙarafan salular da ke tsaye, inda dama akwai wuta da mai gadi. Matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut tun 2011, da bututun da ke kawo mata ɗanyen mai daga Agadem sama da kilomita 400, suna da dalilin kansu na tsoron wuta, kuma suna da abin biya. A nemi su ɗauki nauyin gwajin, da sharaɗin hoton na jama'a ne. A ba ɗaliban Jami'ar André Salifou hotunan su koya wa manhajar bambanta guguwarmu da hayaƙinmu, kada a bar wannan ga kamfanin da zai tafi ranar da kwangila ta ƙare. Kwangilar ma a rubuta gyaran shekara biyar a cikinta, ba kafawa kaɗai ba.

Sannan a riƙe littafi na rani biyu. Kowace wuta a rubuta abu uku: ƙarfe nawa kyamara ta gani, ƙarfe nawa kiran makiyayi ya shigo, ƙarfe nawa mutum na farko da hukuma ta turo ya isa wurin. A karanta sakamakon a rediyo. In kyamara tana riga makiyayi, kuma rigan yana sa a isa da wuri, a ƙaro wasu. In ba ta riga shi ba, a kwance ta a kawo bakin tapki.